Filin Rickwood na Birmingham: me ya hana a rushe shi?

"Malam, ni mai bin ƙwallon ƙafa ne, besbol kuwa sama-sama na san shi. Amma a 2024 na ga labarin wasu manyan kulob biyu na Amurka da suka bar filayensu na zamani suka je wani tsohon fili a jihar Alabama suka buga wasa. An ce filin ya haura shekara ɗari, kuma asalinsa na ƙananan kulob ne. Mene ne tarihinsa? Sannan a ƙasar da muke jin ana rushe fili mai shekara talatin a gina sabo, ta yaya wannan ya tsira?"

Malam, filin da kake nufi sunansa Rickwood. Yana yammacin birnin Birmingham na jihar Alabama, wanda ya ari sunansa daga Birmingham ta Ingila saboda su biyun garuruwan ƙarfe ne. An buɗe shi ranar 18 ga Agusta, 1910. Tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin abin da ka ji gaskiya ne: a Atlanta, nan maƙwabta, an buɗe katafaren filin Georgia Dome a 1992, aka rushe shi a 2017 yana da shekara 25 kacal. Sana'ata duba lafiyar tsofaffin gine-gine ce a kudancin Amurka, tarihin besbol kuma na shige shi ne ta ƙofar gini, don haka zan fi tsayawa a kan filin da mutanen da suka rayu da shi, dabarun wasan kuwa in bar wa masu su.

Yadda ƙananan lig suke

Da yake ka fito daga ƙwallon ƙafa, akwai abin da ya kamata mu kawar tun da wuri. A besbol na Amurka babu faɗawa rukuni na biyu, babu hawa rukuni na ɗaya. Kulob 30 ne a babban lig, kuma ko wanne ya zo na ƙarshe yana nan daram a shekara mai zuwa. 'Yan wasa ne ke hawa da sauka. Kowane babban kulob yana da ƙananan ƙungiyoyi a wasu garuruwa, mataki-mataki, inda yake rainon matasan da ya ɗauka. Shi ke biyan albashinsu, shi ke naɗa koci, kuma duk ranar da ya ga dama zai ɗauke gwanin ƙungiyar ko da ana tsakiyar kakar wasa. Tun bayan garambawul ɗin 2021, irin waɗannan ƙungiyoyi 120 ne a matakai huɗu. Birmingham Barons, masu Rickwood na asali, suna mataki na biyu daga sama, ƙarƙashin Chicago White Sox.

Wannan tsari yana da tasiri a kan fili. Tunda 'yan wasa baƙi ne masu wucewa, abin da mutanen gari ke riƙewa a zuciya shi ne sunan ƙungiya da wurin da suke zuwa kallo. A 1910 dai ƙungiyoyi irin su Barons suna cin gashin kansu ne, suna sayen 'yan wasa suna sayarwa, kuma ga mutumin kudu su ne ƙarshen besbol, domin manyan kulob duk suna arewa da gabas, babu ko ɗaya a kudu da birnin Washington da St. Louis.

Attajirin ƙarfe da filinsa

An kafa Birmingham a 1871 saboda ƙasar wurin tana da tama da gawayin kwal da farar ƙasa kusa da juna, abubuwa ukun da ake buƙata wajen narka ƙarfe. Cikin iyalan da suka yi arziki da wannan akwai na Woodward, masu kamfanin Woodward Iron. Ɗansu, Rick Woodward, mai son besbol ne na gaske, ya sayi Barons yana matashi. Filin da ya gada na katako ne, a gefen tarin tokar masana'anta, kuma bai yi masa ba.

A 1909 an buɗe filaye biyu da suka canza tunanin masu kulob: Shibe Park a Philadelphia da Forbes Field a Pittsburgh, dukansu na kankare da ƙarfe. Kafin su, katako ne ke ɗauke da 'yan kallo, gobara kuwa ba ta raga wa katako, ga shi mutane na shan sigari a kan benci. Woodward ya ɗauki fasalin waɗannan biyun, ya nemi shawarar Connie Mack, shahararren kocin Philadelphia Athletics, ya kashe kimanin dala 75,000, ya gina irin nasa a ƙaramin lig. Sunan filin daga sunansa aka haɗo shi. Ranar buɗewa shaguna da ma'aikatu da dama sun rufe, mutum sama da 10,000 suka cika wurin, Barons suka doke ƙungiyar Montgomery da ci 3 da 2.

Daga nan filin ya yi ta ganin manya. Kulob ɗin babban lig suna atisayen share fage a kudu, a hanyarsu ta komawa arewa a jirgin ƙasa sukan yada zango a Birmingham su buga wasan sada zumunta. Ta haka Babe Ruth da Ty Cobb suka taka wannan ciyawa. A 1931 mutum fiye da 20,000 suka kalli wasan da tsofaffin Birmingham suka daɗe suna ba da labarinsa: Ray Caldwell, mai jifa (wato mai jefa wa masu bugu ƙwallo) ɗan shekara 43, ya kayar da matashi Dizzy Dean na ƙungiyar Houston da ci 1 da nema. A 1936 aka kafa dogayen turakun fitilu a saman rufin, aka fara wasan dare, kuma turakun suna nan har yau.

'Yan hayan da suka fi mai gida suna

Da a ce tarihin Barons kaɗai ne, da Rickwood tsohon fili ne mai kyau, shi ke nan. Abin da ya kai manyan kulob can a 2024 wata ƙungiya ce daban, Birmingham Black Barons, ta baƙar fata.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 aka toshe wa baƙar fata ƙofar babban lig da ƙananansa, ba da rubutacciyar doka ba, da yarjejeniyar baki tsakanin masu kulob. Sai suka kafa nasu. A 1920 Rube Foster ya haɗa lig ɗin baƙar fata na farko da ya ɗore, a Kansas City, kuma a shekarun nan ne Black Barons suka fara wasa a Rickwood. Ba su da fili, haya suke yi a hannun Woodward. Idan Barons sun tafi wasan waje, sai Black Barons su shigo. Ranar Lahadi ita ce babbar rana: mutane su fito daga coci da kayan adonsu su zarce fili kai-tsaye, har wasu limaman coci kan gajarta wa'azi don kada a makara. Sau da yawa taron da suke tarawa yakan kai na masu gidan, wani lokaci ya fi.

Wurin zama a rabe yake. A wasan Barons, baƙar fata suna can gefen dama a bencin da aka ware musu. A wasan Black Barons kuma sai abin ya juya, baƙar fata su cika babbar rumfa, Turawan da suka zo kallo su zauna a keɓantaccen wuri. Duk wanda ya tsaya a cikin rumfar nan yana kallon fili ɗaya ne da jama'a biyu suka yi shekara arba'in suna karɓa-karɓa a kansa, doka ta hana su zama a benci ɗaya.

Inda ƙungiyar ke samun 'yan wasa shi ne abin da ya fi burge ni. Masana'antun Birmingham suna da lig nasu na ma'aikata. Kamfanin bututun ƙarfe na ACIPCO da kamfanin Stockham da ma'adinan kwal duk suna da ƙungiyoyi, kuma mutum kan samu aiki saboda ya iya wasa. Mutanen da suka wuni a bakin wutar narka ƙarfe su ne suke fitowa da yamma su buga besbol mai zafi. Daga ƙungiyar ACIPCO Piper Davis ya fito, wanda ya zama ɗan wasa kuma kocin Black Barons. A wannan lig ɗin ma'aikata mahaifin Willie Mays ya yi wasa.

Satchel Paige, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin mai jifan da ba a yi kamarsa ba a lig ɗin baƙar fata, ya yi wa Black Barons wasa daga 1927 zuwa 1930. Ƙungiyar ta lashe lig ɗinta a 1943 da 1944 da 1948, kuma duk sau ukun ta sha kashi a wasan ƙarshe na ƙasa a hannun Homestead Grays. A 1948 ɗin ne Piper Davis ya saka wani yaro ɗan shekara 17 daga Fairfield, nan kusa da Birmingham, a tsakiyar fili. Yaron ɗan sakandare ne, don haka lokacin karatu wasannin gida kawai yake bugawa. Shi ne Willie Mays. A 1950 New York Giants suka ɗauke shi, ya zama ɗaya daga cikin 'yan wasa biyu ko uku da ake ambata idan ana gardamar wanda ya fi kowa a tarihin besbol.

Akwai ɗaci a cikin wannan nasara. Jackie Robinson, baƙar fata, ya shiga babban kulob ɗin Brooklyn Dodgers a Afrilun 1947, ƙofar da aka rufe ta buɗe. Abin alheri ne, babu mai musu. Amma manyan kulob suka riƙa kwashe gwanaye a farashi mai rahusa, 'yan kallo baƙar fata suka koma bin labarin Robinson da Mays a rediyo da jarida, lig ɗin da baƙar fata suka gina da kuɗinsu ya fara mutuwa a tsaye. Wasan ƙarshe na ƙasa na 1948, wanda aka buga wani ɓangarensa a Rickwood, shi ne na ƙarshe da aka taɓa yi. Black Barons sun ci gaba da jan ƙafa har farkon shekarun 1960, sannan suka watse.

Lokacin da doka ta kashe wasa

Birmingham ta yi ƙaurin suna wajen tsananin wariyar launin fata, har a cikin kudu. Dokar birnin ta haramta wa baƙi da fari yin wasa tare, tun daga karta da dara, kuma a 1950 aka ƙara besbol da ƙwallon ƙafa irin na Amurka da sauransu a jerin. Mutumin da ya fi tsayawa kan aiwatar da irin waɗannan dokoki shi ne kwamishinan tsaron birnin, Bull Connor, wanda a 1963 ya sa aka saki karnuka da ruwan mesar 'yan kwana-kwana a kan masu zanga-zangar neman 'yanci, ciki har da yara 'yan makaranta. Ka san daga ina ya samu farin jinin da ya kai shi siyasa? Daga sharhin wasannin Barons a rediyo. Da muryar besbol ya shiga gidajen mutane kafin ya nemi ƙuri'arsu. Shi ma yana cikin tarihin Rickwood, kuma ba na ganin daidai ne a ba da labarin filin a tsallake shi.

Lig ɗin da Barons ke ciki, Southern Association, ya ƙi buɗe ƙofa. In ban da wani ɗan wasa, Nat Peeples, da ya buga wa Atlanta wasa biyu a 1954, baƙar fata bai taka masa fili ba. Manyan kulob kuwa sun riga sun cika da matasa baƙar fata da suke son raino, ba za su tura su inda doka ta hana su wasa ba. 'Yan kallo baƙar fata suka ƙaurace, talabijin ta janye wasu, lig ɗin ya rushe bayan kakar 1961. Shekara biyu, 1962 da 1963, babu Barons a Rickwood. A cikin wannan tsakanin ne, ranar 15 ga Satumba, 1963, aka dasa bam a cocin baƙar fata na titi na 16, 'yan mata huɗu suka mutu.

A 1964 besbol ya dawo a sabon lig, da ƙungiya mai baƙi da fari, aka kuma cire shingen da ke raba 'yan kallo. Babban kulob ɗin da ya ɗauki nauyinta shi ne Kansas City Athletics na Charlie Finley, wanda haifaffen yankin Birmingham ne. Ƙungiyar 1967 ta tara matasan da daga baya suka ci kofin ƙasa sau uku a jere bayan Athletics ta koma Oakland: Reggie Jackson, Rollie Fingers da Joe Rudi. Cire shinge a fili dai bai canza gari ba. Jackson ya faɗi da bakinsa a talabijin, yana zaune a Rickwood a 2024, yadda gidajen abinci da otal-otal suka riƙa korarsa, yadda kocinsu John McNamara yakan ce in ba za a ba Jackson abinci ba to ƙungiyar duka ba za ta ci ba, da yadda ya riƙa kwana a gidan Rudi har aka yi barazanar ƙona ginin. Ya ce ba ya yi wa kowa fatan abin da ya gani. A ganina wannan 'yan mintoci sun fi duk wani jawabin biki da aka yi a makon daraja.

Ƙaura zuwa bayan gari

Hukumar birnin ta sayi filin a 1966. Ƙungiyar Finley ta tashi bayan 1975, wurin ya sake yin shiru, sai a 1981 Art Clarkson ya dawo da sunan Barons. Amma zamani ya juya. An gina Rickwood ne don mutanen da ke zuwa a ƙafa ko a taragon lantarki na cikin gari. Yanzu kowa da motarsa, ga shi babu isasshen wurin ajiye motoci. Turawa masu hali sun bar tsakiyar birni sun koma sababbin unguwanni a kudu, masana'antun ƙarfe suna rufewa, unguwar da ke kewaye da filin ta zama ta talakawa baƙar fata. Bayan kakar 1987 Barons suka koma sabon fili a Hoover, can bayan gari. Idan ka taɓa jin cewa Michael Jordan ya ajiye ƙwallon kwando ya buga besbol a 1994, to Barons ya yi wa wasa, amma a Hoover. A 2013 ƙungiyar ta sake dawowa tsakiyar Birmingham, a wani sabon fili mai suna Regions Field.

A irin wannan gaɓa ce kusan duk tsofaffin filaye suke mutuwa. Forbes Field da Shibe Park, waɗanda Woodward ya kwaikwaya, duk an share su a shekarun 1970.

To me ya tsare Rickwood?

Mutane sun fi son amsar da ke cewa ƙauna ce ta tsare shi. Ƙauna ta taka rawa, amma a ƙarshe ta zo. Ni dalilai nake gani da suka haɗu, kuma na farkonsu ba mai daɗin ji ba ne: babu wanda yake kwaɗayin ƙasar. A aikina na lura cewa tsufa ba shi ke rushe gini ba, tsadar ƙasar da yake kai ce. Forbes Field yana jikin Jami'ar Pittsburgh, jami'a na neman wurin faɗaɗawa, sai ya tafi. Filin Atlanta Crackers, abokan hamayyar Barons, an rushe shi aka yi kantuna a wurin. Rickwood kuwa yana unguwar da masu zuba jari suka juya wa baya, kuma rushe kankare kuɗi ne. Talaucin da wariya ta bar wa unguwar, wanda shi ya kori ƙungiyar, shi ne kuma ya hana katafila zuwa.

Na biyu shi ne abin da Woodward ya gina da shi. Da katako ne, da gobara ko gara ko guguwar Alabama ta gama da shi tun kafin a haifi masu ceto shi. Sai dai kada ka ɗauka kankare ba ya mutuwa. Ruwa ne ajalinsa. Yakan bi ta tsaga ya kai ga rodin da ke ciki, rodi ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fi ƙarfen asali girma, sai ta fasa kankaren daga ciki ya riƙa ɓarewa. Idan na shiga tsohon fili, ba fentin gaba nake fara kallo ba. Ƙarƙashin rumfa nake shiga da tocila da ƙaramar guduma, ina ƙwanƙwasa ginshiƙai ina sauraro, domin inda kankare ya rabu da rodi ƙararsa daban ce, kamar ta fanko. Daga nan in duba ƙafar ginshiƙan ƙarfe inda ruwa ke kwanciya, in bi magudanan rufi. Rumfar Rickwood tana da rufi a kan mafi yawan kujerunta, kuma rufin nan, wanda aka yi don kare 'yan kallo daga rana, ya yi shekara da shekaru yana kare kankaren daga ruwan sama. Duk da haka a 2017 sai da aka rufe filin na wani lokaci don gyaran ginshiƙai.

Na uku, ba a daina wasa a kansa ba. Da yake mallakar birni ne, makarantun sakandare suka ci gaba da amfani da shi, haka ma Kwalejin Miles, ta baƙar fata da ke Fairfield, ta mai da shi gidanta. Ginin da ake shiga kullum akwai mai ganin yoyo tun yana ɗigo. Wanda aka kulle kuwa, damina biyar ta ishe shi.

Sai na huɗu, mutanen. A 1992 wasu 'yan gari suka kafa ƙungiyar sa-kai mai suna Friends of Rickwood, suka karɓi ɗawainiyar kula da filin. A 1993 aka shigar da shi rajistar wuraren tarihi ta ƙasa. Mutane kan ɗauka wannan rajista tana hana rusau. Ba ta hanawa, sai dai tana buɗe ƙofar tallafi, tana kuma sa ɗan siyasa ya yi tunani sau biyu. Zaɓin da ke gaban ƙungiyar uku ne, kuma su ne zaɓin da ke gaban duk mai riƙe da tsohon fili. Za a iya sabunta shi gaba ɗaya don a jawo ƙungiyar ƙwararru ta dawo, amma kafin a cika sharuɗɗan zamani an cinye abin da ya sa yake da daraja. Za a iya kulle shi a mai da shi gidan tarihi, amma wa zai biya kuɗin tikiti don kallon ciyawar da ba a wasa a kanta? Suka ɗauki na uku: a mayar da kamanninsa na shekarun 1940, a bar shi yana aiki. Suka gyara rufi, suka sake gina allon maki irin wanda mutum ke shiga bayansa yana rataya lambobi da hannu, suka zana tallace-tallace irin na da a jikin katanga. Masu shirya fim da ke neman fili mai kamannin da suka riƙa haya, kuɗin na shiga gyara. Daga 1996 kuma Barons suka fara dawowa sau ɗaya a shekara su buga wasa da rigunan zamanin da. Ina ganin sun yi zaɓi mai kyau, ko da yake ya kamata mai ziyara ya sani cewa allon maki da tallunan sababbin yi ne a kan tsohon fasali. Rumfar da ƙofar shiga da turakun fitilu su ne tsofaffin gaske.

Batun "mafi tsufa" da wasan 2024

Za ka ji ana kiransa filin ƙwararru mafi tsufa a Amurka. Ya girmi Fenway Park na Boston, na 1912, da Wrigley Field na Chicago, na 1914. Akwai wuraren da aka fara wasa a kansu kafin 1910, kamar filin Warren a garin Bisbee na jihar Arizona, na 1909, sai dai rumfarsa daga baya aka sake ta. Idan ginin da 'yan kallo ke zama ake nufi, Rickwood ne a gaba. Idan ƙasar da ake wasa a kai ce, akwai masu ja.

A Disambar 2020 hukumar babban lig ta amince cewa lig bakwai na baƙar fata, daga 1920 zuwa 1948, manyan lig ne. A Mayun 2024 aka haɗa alƙalumansu da na sauran, Josh Gibson na Homestead Grays ya hau saman Ty Cobb a matsakaicin bugu na tsawon rayuwa. Da wannan hukunci, Rickwood ya tashi daga filin ƙaramin lig kawai: ashe a da yawa daga cikin shekarun nan da Black Barons ke haya, wasan babban lig ake bugawa a cikinsa. Sai dai a nan ilimin kowa yana da iyaka. Manyan jaridun Turawa ba su damu da kawo rahoton wasannin baƙar fata ba, jaridun baƙar fata kuma yawanci mako-mako suke fita, don haka wasanni da yawa sun wuce babu cikakken lissafi. Abin da masu bincike suka tattaro wani ɓangare ne na abin da aka yi a filin.

An sa wasan ranar 20 ga Yuni, 2024, tsakanin St. Louis Cardinals da San Francisco Giants, kulob ɗin Mays da ya taso daga New York. Ranar 18 ga wata, ana cikin wasan Barons da Montgomery a Rickwood, aka sanar da cewa Willie Mays ya rasu a California yana da shekara 93. Bayan kwana biyu, abokin wasansa na 1948, Bill Greason, limamin coci a Birmingham mai shekara 99, shi ya yi jifan buɗe wasa. Cardinals suka ci 6 da 5 a gaban mutum dubu takwas da 'yan kai.

Kafin wasan an sake shimfiɗa filin gaba ɗaya, da sabuwar ciyawa da magudanar ruwa a ƙarƙashinta, aka gyara wurin zaman 'yan wasa. Wannan riba ce da za ta daɗe. Abin da nake sa wa ido yanzu shi ne kuɗin yau da kullum, domin baƙi na kwana uku ba sa biyan mai yankan ciyawa na shekara. Rufi da ginshiƙai masu shekara sama da 110 suna buƙatar dubawa a kai a kai, nauyin kuma yana kan hukumar birnin da 'yan sa-kai, waɗanda da yawansu sun manyanta. Haka kuma mazauna unguwar, jikokin mutanen da suka cika rumfar ranar Lahadi, suna da haƙƙin tambayar me taron 2024 ya bar musu a titunansu da makarantunsu. Idan Allah ya kai ka Alabama, Malam, ana buɗe filin ga masu ziyara, amma ka tuntuɓi masu kula da shi kafin ka tashi, kuma ka haɗa da Cibiyar Tarihin 'Yancin Ɗan Adam ta Birmingham da ke daura da cocin titi na 16, tafiyar 'yan mintoci ce a mota.